Zama da mai matsanancin son kai: haƙuri ko ja da baya?

Tun 1980 ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta sanya matsanancin son kai cikin cututtukan ɗabi'a. Mai shi yana ganin ya fi kowa, kullum yana ƙishin yabo, kuma zafin wani bai dame shi ba. Wanda ke gida ɗaya da shi, hanya biyu ce a gabansa.

Ta farko haƙuri. Ka yi shiru, ka bar masa gaskiya ko ba shi da ita, gida ya lafa. Sai dai lafawar ba ta daɗewa. Yarinya ta dawo da sakamakon jarrabawa tana murna, uban ya karɓi takardar ya ce ai basirarsa ce ta gada. Ranar da ta faɗi jarrabawa kuwa, sai ya ce ta zubar masa da mutunci. Irin wannan yarinya takan girma tana karantar fuskar mutane kafin ta buɗe baki. Wannan ne ya fi ci mini rai, domin ba ita ta zaɓi haƙurin ba.

Ta biyu ja da baya, wato kafa iyaka ba tare da yanke zumunci ba. "Baba, in zagi za a ci gaba da yi, zan tashi," sannan ka tashi ɗin. Da farko wuta takan ƙara ruruwa: ya fusata, ya kai ƙararka wajen dangi, wasu su kira ka marar kunya. Ba lalle ya canza ba, don masu wannan hali ba kasafai suke neman magani da kansu ba. Amma yaran gidan sun ga babba ya ce a'a cikin ladabi, ya kuma tsaya a kan maganarsa.