Ciwon baya a Yamai: ɗamara, na'urar lantarki, ƙwaya ko kine, wanne ya cancanci kuɗinka?

Wanda ciwon baya ya kama a Yamai ba ya rasa mai tallata masa abu. Kafin ya kai ƙofar asibiti an nuna masa ɗamara mai maganaɗisu, da ƴar na'urar nan mai fizgar fata da lantarki, da ƙwaya a kan tire, ga wanzami da ƙahonsa yana jira. Kasuwar babba ce, don an ƙiyasta cewa a 2020 mutum miliyan 619 ne ke fama da ciwon ƙugu a duniya. Ni dai in faɗa tun yanzu, wajen kine, wato ma'aikacin lafiya mai gyaran gaɓoɓi ta hanyar motsa jiki, kuɗina yake zuwa, abin da ya saura kuma na takalmin tafiya ne.

Amma akwai wanda wannan zaɓe bai shafa ba. In ciwon ya zo da zazzaɓi da rama da zufar dare, ko ƙafa ta fara mutuwa, ko fitsari ya riƙa kuɓucewa, ko kuma faɗuwa aka yi daga babur, to likita za a nufa a ranar. A ƙasarmu tarin fuka yana cin ƙashin baya, kuma babu tausar da ke maganinsa. Maganar da ke tafe ta ciwon yau da gobe ce, irin na tela da direba da ɗan kabu-kabu da matar da ke wuni a duƙe wajen wanki.

Dalilina na fifita kine yana cikin bincike biyu da aka yi a Ostareliya, duka mujallar The Lancet ta buga su. Na farko, mai suna WalkBack, ya fito a 2024. An ɗauki mutum 701 da ba su daɗe da warkewa daga ciwon baya ba, aka raba su biyu. Kashi ɗaya aka bar su yadda suke. Ɗayan kashin suka ga kine sau 6 cikin wata 6, ya tsara musu tafiyar ƙafa daidai ƙarfin kowa, ana ƙarawa kaɗan-kaɗan har a kai wajen minti 30, kwana 5 a mako. Waɗanda aka bari, ciwon da ke hana aiki ya dawo musu bayan kwana 112 a tsaka-tsaki. Masu tafiya sai da suka kai kwana 208. Kusan ninki biyu ke nan, ba ƙwaya ba allura.

Na biyun, RESTORE, na 2023 ne, kan mutum 492 da ciwon ya daɗe a jikinsu. A nan kine yana zama da mutum ya ji irin motsin da yake tsoro, sannan ya koya masa duƙawa da ɗaukar kaya da zama ba tare da ƙanƙame jiki ba. Zama 7 ne a mako 12, sai ɗaya na tuni daga baya, kuma bayan shekara guda amfanin yana nan. Abin da ya fi burge ni a matsayina na mai duba aljihu shi ne, wasu daga cikinsu an manna musu na'urar auna motsi a baya, amma ba ta ƙara musu komai a kan waɗanda ba a manna wa ba. Hannu da bakin ma'aikacin ne suka yi aikin.

Sai dai kine suna suka tara. Akwai sashen wannan aiki a manyan asibitocin Yamai, akwai kuma masu zaman kansu a unguwanni, kuma zaman farko ya isa ka gane wanda ka samu. Nagari yakan ce ka tashi ka yi tafiya ya gani, ka zauna ka miƙe, ka taɓa gwiwa. Zai tambaye ka sana'arka, da irin shimfiɗar da kake kwana a kai, da awa nawa kake yi a kan babur. Za ka fita da motsi biyu ko uku da za ka yi a gida bisa tabarma, kuma in ka dawo zai ce ka yi su a gabansa. Na ga wani yana fama da wani dattijo da ya rantse shekara biyu ke nan a kujera yake sallah. Ya ce masa, "Baba, dafa bangon nan, ka sunkuya iya inda ka ji za ka iya, ni ina riƙe da kai." Dattijon ya sunkuya kaɗan, ya ɗago yana dariya don mamaki. Wanda kuwa zai kwantar da kai, ya kunna jar fitila a bayanka, ya tafi duba wayarsa, ya ce ka biya zama 20 gaba ɗaya, ka ɗauki takalminka. Ka biya kaɗan tukuna, ka ga ko ana koya maka wani abu.

Tafiyar ma tana da lokacinta. A watan Afrilu da Mayu, da zafi ke wuce digiri 40, bayan sallar asuba ne ko gab da magariba. Ga masu zagaya filin wasa na Seyni Kountché nan kullum, ka shiga cikinsu, ba a biyan ko dala.

Ɗamara fa? A watan Disamba na 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta fitar da ƙa'idarta kan ciwon baya mai daɗewa, ta sa ɗamara cikin abubuwan da ta ce kada a riƙa amfani da su, tare da jan ƙashin baya da na'ura. Mai maganaɗisu da marar shi duk tafiyarsu ɗaya. Na'urar lantarkin ma tana cikin wannan jeri. Tana da daɗi lokacin da take fizga, ka cire ta ka koma inda kake. Ƙaho kuwa, an gwada irin wanda ba a tsaga fata a Birazil a 2021, bai fi ƙahon bogi da aka kwatanta su ba, namu na tsaga kuma in askar ta bi jikin wani to ciwon hanta ake saye. Tausa ba laifi, OMS ta yarda da ita, amma sauƙinta na ɗan lokaci ne. Hoton cikin jiki na sikana ko IRM, in likita bai ga alamar haɗari ba, asarar kuɗi ce da tayar da hankali: wani nazari na 2015 ya nuna cewa cikin ƴan shekara 20 da babu abin da ke damun su, kashi 30 cikin 100 hoto yana nuna faifan da ke tsakanin ƙasusuwan bayansu ya ɗan bulluƙo.

Yanzu ƙwaya, inda nake son a saurare ni da kyau. Ƙanena ɗan kabu-kabu ne. Wani mai tire a bakin tasha ya riƙa ba shi tramol, wato tramadol, yana ce masa, "Maigida, wannan na baya ne, na ƙarfi ne, likitoci ma shi suke sha." Wata rana da hantsi jijjiga ta kama shi yana zaune a kan babur, Allah ya taƙaita bai tayar ba. Na ga katin da idona: an rubuta 225, babu sunan kamfanin da za a iya karantawa, ranar lalacewa kuma an goge ta da farce. Tramadol na asibiti da aka saba gani miligiram 50 ne ko 100, kuma da ordonansi, wato takardar likita, ake bayarwa. Waɗannan masu 120 da 200 da 225 ta ɓarauniyar hanya suke shigowa, ba ka san abin da aka cusa ciki ba, kuma maganin ko na gaskiya ne yana jawo jijjiga in ya yi yawa, ga kama mutum da yake yi har ya kasa fita aiki sai da shi.

To ko na gaskiyar yana maganin baya? Binciken OPAL na 2023 ya gwada wani magani ɗan gidansu tramadol, oxycodone, kan mutum 347 masu sabon ciwon baya ko wuya. Rabi suka sha maganin, rabi suka sha ƙwayar da babu komai cikinta. Bayan mako 6 babu bambanci a zafin ciwo. Bayan shekara, masu shan maganin sun ɗan fi jin ciwo, kuma sun fi shiga haɗarin sabo da shi.

Masu yaudara ba a tasha kaɗai suke ba. Akwai masu zuwa gida da jaka da farar riga, su ɗora hannunka a kan wata na'ura da aka haɗa da kwamfuta, cikin minti biyu ta "gano" ƙoda da hanta da jijiya duk sun lalace, maganin kuma yana cikin jakar, jika 40. Akwai na WhatsApp masu hoton kafin da bayan. Akwai garin gargajiya a leda da ke kashe ciwo cikin awa guda, wanda ya kamata ka tambayi kanka me aka daka a ciki, don ganye ba ya wannan saurin. OMS ta ce a ƙasashe irin namu, magani 1 cikin 10 jabu ne ko marar inganci, kuma wanda ya wuni a tire cikin ranar Yamai ko na kirki ne ya gama dahuwa. Duk wanda ya ce maka zai warkar da baya da suga da hawan jini da abu guda, ko ya hana ka tafiya da kwalin ka nuna wa wani, ka riƙe kuɗinka.

In dole sai an sha wani abu, ibuprofen ko diclofenac na ƴan kwanaki sun fi, daga farmasi mai lasisi, bayan an ci abinci. Mai gyambon ciki, da mai ciwon ƙoda ko hawan jini, da mace mai ciki, su tambayi likita tukuna. Mai aiki a rana kuma ya sha ruwa sosai, don waɗannan magunguna suna wahalar da ƙoda in jiki ya bushe. Ka duba lambar kwali da ranar lalacewa su yi daidai da na katin da ke ciki, ka kuma karɓi rasit.