Igiyar hawan dutse: wadda za ka saya da wadda za ka guje wa

Ruwa ya ɗauke, hatsi ya shiga rumbu, dutse ya bushe. Yanzu ne masu sha'awar hawa ke haɗa kaya, tun hazon hunturu bai sauko ba. Mu nan Maradi ƙasarmu shimfiɗe take, yashi da gulbi, sai mun kama hanyar Damagaram muke ganin dutsen kirki. Duk mai shirin yini guda a can, igiya zai fara zuba wa kuɗi, takalmi ya biyo baya.

Igiyar guga dai a bar wa rijiya. Marar miƙewa, mai lambar ingancin Turai EN 1891, ta masu aiki a dogayen gine-gine ce da masu shiga kogo. Ka faɗo a kanta daga sama, ko ba ta tsinke ba ƙugunka zai gaya maka. Siririyar nan da ba ta kai milimita 9 ba kuwa ta gwanaye ce, kaifin dutse ba ya barin ta ta tsufa.

Ni tawa ita ce mai miƙewa, kauri milimita 10, tsawo mita 60, mai lamba EN 892 da tambarin UIAA, ƙungiyar masu hawan dutse ta duniya. Zuciya gare ta ta zaren nailan, an lulluɓe da saƙaƙƙiyar riga, dabarar da kamfanin Edelrid na Jamus ya fito da ita a 1953. Zuciyar ke ɗaukar nauyi, rigar ke shan gugar dutse. Kafin a ba ta wannan lamba sai an ɗaura mata kilo 80 an sake shi, ta tare shi aƙalla sau 5 ba ta tsinke ba. Miƙewarta ke shanye fizgar faɗuwa. Tana da nauyi a jaka, gaskiya ne, amma tana cika hannun mai riƙe maka igiya a ƙasa, ko da sabon shiga ne, kuma dutsen Damagaram mai kaushi bai cinye ta da wuri. Kamfanin Beal na Faransa ma na yin irinta; in kana da mai zuwa daga can, ba shi sautu.

Sai dai, ɗan'uwa, duk wannan bayani banza ne in ka faɗa hannun maha'inci. Wani ya taɓa sayar mini da igiya wai sabuwa ce dal, ashe wanke ta aka yi, aka ƙone bakinta da wuta don kar a ga an yanke takardar shaida. Da na bi ta da yatsa sai ga wuri ya lotsa, zuciyar ta mutu a ciki. Tun ranar bakin igiya nake fara dubawa: ta gaske tana da lamba, tsawo da shekarar ƙira a manne. Babu su, babu ciniki, ko an rantse maka. Ta gwanjo kam ko kyauta ce bar ta. Rana na cin nailan, ruwan batir na kashe shi ba tare da alama ba, kuma ba ka san bayan motar da ta kwana ba. Su kansu masu ƙira sun ce ko ba a taɓa ta ba, kada ta wuce shekara 10.

Jabu bai tsaya ga igiya ba. A 2011 kamfanin Petzl, mai ƙera kayan hawa, ya yi gargaɗi cewa an kwaikwayi wasu kayansa har da tambari, kuma suna karyewa ƙasa da ƙarfin da aka rubuta. Ƙugiyar ƙarfe ta gaske, wadda ake maƙala igiya a ciki, tana ɗauke da EN 12275, kuma ƙarfinta a tsaye ba ya gaza 20 kN (wato ƙarfin riƙe kusan tan 2) ga irin da aka saba hawa da ita. Masu launi da ake rataya makullin babur kuwa, an ma rubuta a jikin wasu cewa ba na hawa ba ne, amma mai talla zai sa babban yatsa ya rufe rubutun yana ce maka “Alhaji, wannan ai ko raƙumi za ta riƙe.” Ka ce ya ɗaga yatsan.