Wata takwas da Anki a wayata

Shekara uku ina yawo da wani ɗan littafi a jaka. Duk kalmar Turanci da ta gagare ni a sharhin jarida ko a takardun digirina na biyu, sai in rubuta ta da ma'anarta a gefe. Wata rana na ci karo da "exacerbate", na duba ƙamus, na zo rubutawa sai ga ta tun bara da rubutun hannuna, har da jan layi a ƙasa. Ashe ajiya nake yi, ba karatu ba.

Wata malama da muke koyarwa tare ce ta nuna mini Anki. Manhajar katunan hadda ce, tambaya a gaba, amsa a baya. Sunan ma hadda yake nufi da Japananci, kuma Damien Elmes ne ya fito da ita a 2006. Wanda ya yi makarantar allo ba zai ga baƙon abu ba, tilawa ce. Bambancin shi ne ita ke yanke ranar da za ka koma kan kowace kalma. In ka duba amsa, maɓallai huɗu ne a ƙasa: Again, Hard, Good, Easy, sai ka danna wanda ya dace da yadda ka tuna ta. Kalmar da ka sani sai ta yi ta nisa, gobe, jibi, mako, har watanni. Wadda ka manta kuwa ta dawo maka nan da 'yan mintuna, babu kunya.

Da farko na yi ragwanci, na sauko da katunan da wasu suka haɗa don jarrabawar GRE, ta neman shiga digiri na biyu ko na uku a Amurka. Na haddace "obfuscate" tsaf, amma ko sau ɗaya ba ta zo mini a alƙalami ba. Sai na goge su na koma haɗa nawa. Yanzu jimlar da na tsinci kalmar a cikinta nake sakawa a gaba, in bar gurbinta fayau. A baya sai kalmar, da ma'anarta da Hausa yadda zan faɗa wa ɗalibaina, da kalmomin da take tafiya da su. "Mitigate" sassautawa ce, kuma kusan kullum da "risk" ko "effects" ake ganinta. "Exacerbate" kuwa ƙara wa wuta fetur na rubuta, tun daga ranar ba ta sake kuɓuce mini ba. Kati ɗaya yakan ci mini minti biyu, kuma a ganina rabin haddar a nan ake yin ta.

A yi hankali da sababbin katuna. Ashirin take bayarwa kullum in ba ka canza ba, bitarsu kuma taruwa take kamar bashin mai shago. Na tafi ƙauye Babbar Sallah, kwana tara ban leƙa ba, na dawo na tarar da sama da ɗari uku suna jirana. Laifina ne. Na mayar da sababbin bakwai a rana.

A kwamfuta kyauta ce, a Android ma AnkiDroid kyauta, ta iPhone ce ake biyan kusan dala 25. Ba ta cin data sai za ka daidaita waya da kwamfuta. Fuskarta ba ado, saitunan kuma sai an yi haƙuri da su. Lafazi ma sai ka saka sauti da kanka. Ni da ban saka ba, wata biyu ina kiran "epitome" efitom, sai da na ji ta a bakin mai karanta labarai na koma na gyara katin.

Kwata ɗin awa nake ba ta bayan sallar asuba, kafin yara su tashi neman koko.