Dala 1,450 na tura masa a kan bindigar gasa da bai taɓa riƙewa ba

Assalamu alaikum 'yan uwa. Yau kwana goma sha ɗaya ina dakon maganar nan a cikina, ko maman yara sai shekaranjiya na iya buɗe baki na gaya mata. Dala 1,450 wani mara tsoron Allah ya karɓe mini. Dala 1,450, kuɗin da na yi wata bakwai ina tarawa daga aikin ƙarin lokaci, dare da Lahadi. Na tura masa da hannuna, har da yi masa godiya.

Kafin wani ya ce me ya kai Bahaushe sayen bindiga, bari in yi bayani. Ina zaune a Kolombus, jihar Ohayo a Amurka, takarduna cikakku ne, kuma harbin saiti a nan wasa ne da doka ta sani, yana da filaye da ƙungiyoyi da gasanni. Takarda muke harbi daga nisan yadi 50, da ƙaramin harsashi .22 LR, irin wanda ake amfani da shi a gasar Olamfik ta mita 50. Rimfaya ake ce masa, don a gefen gindin kwanson harsashin ne allurar bindiga ke duka. Wani abokin aiki ne ya fara kai ni shekara biyu da rabi da suka wuce, tun daga nan ban cika fashin Asabar ba.

Kuma ni ba baƙo ba ne a harkar, wannan nake so a gane. Da Ruger 10/22 na fara, har yanzu tana nan, bindiga ce mai kirki amma ba don haɗa harsashi biyar a rami ɗaya aka ƙera ta ba. Na kai inda hannuna ya fi ƙarfinta. Na yi wata da watanni ina auna CZ 457 ta ƙasar Cek da Tikka T1x ta Finlan da Bergara B14R ta Sifen. Na harba biyu daga cikinsu a filinmu, aro daga wurin dattawan ƙungiya. Na san abin da ake dubawa: kaurin bututu, laushin kunama, yadda mazaunin harsashi ya matse, da kuma cewa kowace bindiga da irin harsashin da take so, har lambar rukunin da aka buga shi a masana'anta tana canja sakamako. Na riga na yanke shawara a kan CZ. Wallahi na yanke. Saura in je shago in biya.

Sai ga tallar nan a wani dandalin saye da sayarwa na masu harbi. Anschütz 1710, ƙirar Ulm ta Jamus. Duk wanda ya san harkar ya san abin da sunan nan yake nufi, sabuwarta ta haura dala dubu biyu. Mai tallar ya sa wa bindigar dala 1,100, ya ce ta mahaifinsa ce da ya rasu, shi farauta yake yi, harbin takarda bai dame shi ba, so yake ta faɗa hannun wanda zai san darajarta.

Na san za a ce araha ba ta ado. Na sani. Ni ma abin da na fara faɗa wa kaina ke nan, shi ya sa na gwada shi. Na ce ya rubuta sunana da kwanan wata a takarda ya ajiye kusa da bindigar ya ɗauko hoto. Bai yi awa ɗaya ba ya turo. Ga sunana, ga kwanan wata, ga bindiga a kan tebur na katako, har da kofin shayi a gefe. Me kuma zan nema? Ku gaya mini, wa zai ga sunansa a jikin hoto ya ci gaba da zargi?

Amma abin da ya kama ni, abin da nake ta juyawa a kaina har yanzu in na kwanta, wayar da muka yi ce. Ranar Talata ce, ko Laraba, ina cikin mota a bakin wurin aiki. Minti ashirin da uku, yana nan a wayata. Murya ta dattijo, a natse, ba gaggawa. Ni ban tambaye shi ba, shi da kansa ya ce mahaifinsa bai taɓa yarda a danna kunama babu harsashi a ciki ba, don kada allura ta riƙa dukan bakin mazaunin harsashi ta yi masa tabo. Da na ji haka sai jikina ya yi sanyi, na ce wannan ɗan gida ne. Wanda bai san rimfaya ba ina zai san wannan? Ya ce bindigar ta fi son harsashin Lapua Center-X a kan na Eley Tenex. Ya ce in ta iso in kai ta cibiyar gwajin harsashi ta Lapua da ke Marengo, tunda kusa da ni take, su nemo mata rukunin da ya dace da ita. Ya san Marengo tana kusa da Kolombus! Nan ne na saki jiki gaba ɗaya. Ina jin muryarsa yanzu haka yana cewa kada in damu, amana ce. Amana fa ya ce.

Af, na manta, tun kafin wayar ya turo hoton takardar saiti, harsashi biyar a yadi 50, duk sun shige rami ɗaya da bai kai faɗin farcen babban yatsa ba. A'a, bayan wayar ne ya turo ta, da daddare, don na tuna ina cin tuwo na ajiye cokali na nuna wa babban ɗana. Yaron har tsalle ya yi. Wannan ma yana cikin abin da ke ci mini rai.

Sannan shi ne ya fara kawo maganar doka. Ya ce tunda jiharsa daban da tawa, ba zai aiko mini gida ba, dole ta bi ta hannun dillali mai lasisin tarayya, wanda ake kira FFL, in je can in cike fom 4473 a binciki tarihina kafin a miƙa mini. Dokar bi ta hannun dillali tana nan tun 1968, kuma haka ya kamata mai gaskiya ya faɗa. Na je shagon da na saba, mai shagon ya tura masa kwafin lasisinsa. Ɗan damfara ne zai dage a bi doka? Haka na tambayi kaina a lokacin. Ashe duk cikin shiri ne.

Wajen biya ne kawai ya ƙi sassauci. Ya ce ba ya karɓar kati, kuma manyan kamfanonin biyan kuɗi na intanet ba su yarda da cinikin bindiga ba, wanda gaskiya ne, na san da haka. Ya ce in tura ta manhajar nan da ke kai kuɗi kai tsaye daga banki zuwa banki. Sunan da ya fito a asusun na mace ne. Na tsaya, wallahi na tsaya, yatsana a kan waya. Na tambaye shi, ya ce matarsa ce ke riƙe da asusun gida. Na danna. Dala 1,100.

Kwana biyu bayan haka ya dawo da maganar madubin hange. Ya ce ya samo na mahaifin a cikin akwati, da zobban ɗaura shi, ga kuɗin inshora da aikawa, in ƙara 350 ya haɗa duka a kwali ɗaya. Na riga na zura jiki, na ƙara. 1,100 da 350, dala 1,450 ke nan. Sau biyu ya miƙo hannu, sau biyu na zuba masa.

Ya ba ni lambar bin sawun kaya. Na duba, an buga takardar aikawa, kaya bai shiga hannun masu kaiwa ba. Washegari haka. Ranar Juma'a haka. Na kira ya ce yana asibiti da jikarsa, in yi haƙuri zuwa Litinin, har na yi masa addu'ar Allah Ya ba ta lafiya. Litinin waya ta daina shiga. Tallar ta ɓace, asusunsa na dandalin ya ɓace, mutum ya yi layar zana.

Wani dattijo Bature a ƙungiyarmu, wanda ya fi shekara talatin yana harbin gasa, shi ya karɓi wayata ya saka hoton a injin binciken hotuna. Ko minti biyu ba a yi ba sai ga bindigar a wata tsohuwar talla ta wani mutum daban, tebur ɗaya, kofin shayi ɗaya, lambar jiki ɗaya. Takardar mai sunana ɗora ta aka yi da kwamfuta. Da ya faɗaɗa hoton sai ga shi takardar ba ta da inuwa ko kaɗan, alhali kofin da ke gefenta yana da tasa. Na tsaya ina kallon wurin nan, kunya kamar ƙasa ta tsage in shige. Dattijon bai ce mini komai ba, dafa kafaɗata kawai ya yi. Maganganun allura da na Center-X kuwa, duk suna rubuce a ƙarƙashin tsohuwar tallar, ashe ɗan damfarar karanto mini su ya yi a waya.

Banki na je, aka ce tunda ni na amince na tura, abu ne mai wuya kuɗin ya dawo, amma sun buɗe fayil. Na kai ƙara wurin 'yan sanda, na cike koke a IC3, shafin hukumar FBI na karɓar koken laifukan intanet. Jiya kuma wani ya turo mini saƙo wai ƙwararre ne wajen ƙwato kuɗin damfara, in ba shi kafin alƙalami. Ban ko amsa ba.

In za ku sayi ta hannu daga nesa, ku ce a yi kiran bidiyo, ya ɗaga bindigar ya karanto lambar jikinta kuna kallo. Ku binciki hoton. Sunan asusu ya saɓa da na mai kaya, ku bari. In ya ƙi kai ta shagon dillali a garinsu ku yi magana da mai shagon, ku bari.

Hotunan hirarmu duka suna nan, da rasit biyu na banki, da hoton mai sunana da na asalin, zan jera su gefe da gefe in saka da daddaren nan in na rufe sunan matar, don ban sani ba ko ita ma asusunta aka sace. Ni dai ban yi gaggawa ba, na tambaya, na gwada, na bi doka, kuma duk wanda ya ji muryar mutumin nan a minti ashirin da ukun nan da ya yarda. Har akwati goma na Center-X na saya na ajiye ina jiran isowarta, harsashi 500, suna cikin kabad ko buɗe su ban yi ba. Ɗazu da rana mai shagon ya sake kira yana tambaya ko kayan nawa suna hanya, na ce masa zan shigo gobe in yi masa bayani. Dala 1,450. Allah Ya isa tsakanina da shi.