Wata takwas ina tuƙa Cessna daga ɗakina a Bauchi

Kayan sun zo a kwali biyu: sitiyarin jirgi da maƙurarsa a ɗaya, feda a ɗaya. Na saye su ne daga wani mai shago a intanet, na haɗa da Microsoft Flight Simulator, manhajar kwaikwayon tuƙin jirgi wadda ta fito a 2020. Tun ina yaro nake ɗaga kai duk lokacin da jirgi ya gifta, amma kuɗin makarantar tuƙi ya fi ƙarfin aljihuna nesa ba kusa ba. Sai na ce to, a rashin uwa akan yi uwar ɗaki.

Bari in fara da abin da ya ɓata min rai. Fedar hagu ta fara sassautawa tun a mako na uku, har jirgin yakan karkace a kan titi kamar akuya ta hango dusa. Na yi wa mai shagon magana, ya ce zai turo wata. Har yau yana turowa. Da roba da gam na ɗaure ta. Sitiyarin kuwa ba ni da ƙorafi a kansa, yana da ɗan nauyi a hannu, kuma yana komawa tsakiya da kansa idan ka sake shi. Ita manhajar sai ka tanadi data ta gaske, don saukarwar farko kaɗai ta haura gigabait 100. Dare uku na yi a ofishin wani abokina mai sola kafin ta kammala. A gida kuma sau biyu ana ɗauke wuta ina dab da sauka, har na haƙura na sayi ƙaramar inbata.

Amma ranar da na tashi daga filin jirgin Sir Abubakar Tafawa Balewa na karkata na hango ruwan dam ɗin Gubi da duwatsun da suka kewaye gari, sai na manta da duk wannan. Da hotunan tauraron ɗan Adam aka shimfiɗa ƙasar, saboda haka hanyoyi da koguna suna inda suke. Gidajen ne dai ba namu ba, kwamfuta ce ta ƙago su yadda ta ga dama. Jirgin da na zaɓa Cessna 172 ne, mai kujera huɗu da inji ɗaya, wanda aka fara ƙerawa a 1956, kuma har yau babu jirgin da aka ƙera da yawa kamarsa. A kansa dubban matuƙa suka koyi aiki.

Wata biyu na yi ina ganin na zama gwani. Ina ratsa tsakiyar gari ƙasa-ƙasa, ina shawagi a kan Wunti, ina sauka inda na ga dama. Sai Kawu ya zo gaishe da Hajiya. Tsohon matuƙi ne, a kwalejin koyon tuƙin jirgin sama ta Zariya ya yi karatu, wadda aka kafa a 1964. Ya ja kujera ya zauna a bayana, bai ce uffan ba har na sauka. Sannan ya ce, "Ɗana, da a gaske ne, ka rasa lasisinka sau uku kafin ka taɓa ƙasa."

Ya lissafa min. Na tashi ban nemi izinin hasumiyar da ke kula da tashi da saukar jirage ba, alhali sararin da ke kewaye da filin jirgi mai hasumiya ba a shigarsa ko a fita sai da izini ta rediyo. Na bi ta kan gari ƙasa da ƙafa 1,000 daga abin da ya fi tsayi a wurin, wanda shi ne mafi ƙarancin da aka yarda a kan cunkoson jama'a. A fili ne ake iya saukowa zuwa ƙafa 500. Na uku, ban daidaita ma'aunin tsayi da nauyin iskar ranar ba, don haka abin da allura ke nuna min ƙarya ce tun daga ƙasa. Na ce, "Kawu, ai wasa ne." Ya ce to in ci gaba da wasan, amma kar in ƙara cewa ina koyon tuƙi.

Daga ranar ne kayan suka fara biyan kuɗinsu. Ya sa na shirya tafiya daga Bauchi zuwa Gombe a takarda, da fensir, kafin in kunna komai. Tunda gabas muka nufa, ya ce in hau ƙafa 5,500. A dawowa, da yake yamma ce, sai 4,500 ko 6,500, don kada mai zuwa da mai dawowa su haɗu a tsayi ɗaya. Ya hana ni kallon taswirar da ke motsi a allo. Da ido na bi titin mota, na gane gadar Dindima a kan kogin Gongola, inda ake ratsewa zuwa Yankari, na wuce Alkaleri, ina duba agogo a kowane zango. Cikin kusan minti 45 na hango filin jirgin Gombe da ke Lawanti. Wannan tafiyar ta fi min duk shawagin da na yi a baya daɗi, kodayake saukar da na yi ba ta nunawa ba ce.

A nan ne kuma na gane abin da manhajar ke ɓata wa mutum. Tana sa ka manne ido a kan allurai, alhali mai tuƙi da gani idonsa a waje ya kamata ya fi zama. Kawu sai da ya rufe min rabin allon da hularsa. Ba ka jin jirgi a jikinka, ba ka jin tsoro, kuma idan ka faɗi sai ka danna maɓalli ka sake. Ba za ta sa ka durƙusa ƙarƙashin fiffike ka tsiyayi mai a ɗan kofi ba, ka ɗaga shi sama ka ga ko shuɗi ne tas ko ruwa ya kwanta a ƙasansa. Kawu ya ce wannan kofin ya fi rabin abin da ke cikin kwamfutata muhimmanci.

Abin da manhajar ta iya sosai shi ne yanayi. Na sa zafin watan Afrilu, na cika kujeru huɗu, na gwada tashi daga Jos, inda filin ya haura ƙafa 4,000 sama da teku. Jirgin ya ci titi ya ci titi kafin ya ɗaga da ƙyar, saboda iska mai zafi a kan tudu ba ta da kaurin da fiffike da inji ke buƙata. Lambobin gaggawa da matuƙi ke sakawa a na'urar jirgi don hasumiya ta gani ma a nan na haddace su: 7700 idan an shiga hatsari, 7600 idan rediyo ya mutu, 7500 idan an yi fashin jirgi, da zangon rediyo na megahaz 121.5 na neman agaji.

Duk sa'o'in da na tara a ɗakina ba za su shiga littafin lissafin sa'o'in tuƙi na kowa ba. Lasisin tuƙin ƙaramin jirgi na kai yana buƙatar aƙalla sa'a 40 na horo, da gwajin lafiya, da jarrabawar NCAA, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Najeriya. Wanda yake son wasa kawai, ya sayi ƙaramin sanda na hannu ya huta da kashe kuɗi. Mai niyyar zuwa makaranta kuwa, kayan sun cancanta, in har yana da wanda zai zauna a bayansa.

Yanzu hunturu ya shigo. Jiya na daidaita hazon allo da wanda nake gani ta taga, inda dutsen bayan unguwarmu ya ɓace gaba ɗaya. Dokar tuƙi da gani tana son ka iya hangen kilomita 5, ni kuwa ko biyu ban samu ba. Na kira Kawu na ce ko in gwada. Ya ce in kashe injin in je in gyara fedata.