Maganin tsutsar cikin tsuntsu: wanne za ka saya, wanne za ka ajiye

'Yan uwa masu kiwon aku da tattabaru da ƙananan tsuntsayen keji, wata rana dole ka tsinci kanka riƙe da kwalabe biyu ko uku na maganin tsutsa kana tunanin wanne ne zai yi. Ni na taɓa yin zaɓen tumun dare a wannan harkar kuma tattabaruna ne suka ji a jikinsu, shi ya sa maganar take min zafi har yau. Sunayen magungunan zan rubuta su yadda suke a jikin kwali ne don ka gane su in ka gani.

Da farko dai ba kowace rama ce tsutsa ba. Tsuntsu ya rame ƙashin ƙirjinsa ya fito kamar bakin wuƙa, gashi ya yi buzu-buzu, yana ci amma ba ya ƙiba, kashinsa ruwa-ruwa, duk wannan tsutsa na iya kawowa, amma ƙwayoyin cuta irin su coccidia ma suna kawo hakan kuma maganin tsutsa ba ya taɓa su. Tsuntsun da yake cikin ɗaki bai taɓa taka ƙasa ba, bai haɗu da baƙon tsuntsu ba, da wuya ya kamu da tsutsa. Don haka abu na farko da ya kamata ka kashe wa kuɗi shi ne gwajin kashi, ka ɗebi sabon kashi ka kai wa likitan dabbobi ya duba a madubin awo, ƙwan kowace tsutsa da kamanninsa. In ya gaya maka wacce ce, rabin zaɓen ya ƙare.

Uku ne aka fi fama da su a hanji. Akwai macijin ciki, Ascaridia, wanda wani lokaci za ka gan shi fari dogo a cikin kashi, shi ne ya fi yawa. Akwai Capillaria, siririya kamar gashi, ido ba ya ganinta sosai amma ta fi ɓarna da taurin kai. Sai tsila, wadda tsuntsu ke ɗauka in ya ci ƙwaro ko tururuwa ko ƙuda mai ɗauke da ita.

Ga macijin ciki, ni pyrantel nake saya, kuma ba na ɓoyewa shi ne nawa. Za ka ga an rubuta pyrantel pamoate ko pyrantel embonate, abu ɗaya ne. Abin da ya sa raina ya kwanta da shi, ba ya shiga jini sosai, yawancinsa a cikin hanji yake tsayawa inda tsutsar take, ya sandarar da ita ta kasa riƙe kanta sai ta fita da kashi, hanta da ɓargon tsuntsu kuwa ba su sha wahala ba. Ga shi ruwa-ruwa ne mai ɗan kauri, ba shi da ɗacin da zai sa tsuntsu ya yi ta girgiza kai yana furzarwa, kana iya auna shi da ƙaramin sirinji mai cin mil 1 wanda aka cire wa allura ka ɗiga masa a gefen baki a hankali yana haɗiyewa. Sau ɗaya ake bayarwa, sai a maimaita bayan kwana 10 zuwa 14 saboda maganin ba ya kashe ƙwai da ƙananan da ba su gama girma ba, wanda ya tsallake zagaye na biyun nan shi ne zai dawo bayan wata guda yana cewa magani bai yi ba. Kuma ko tsuntsu yana cikin canza gashi ban taɓa ganin ya ɓata masa gashi ba, wannan a wurina shi ne babban ma'auni.

Amma gaskiya ɗaya ce, pyrantel ba ya kashe tsila, kuma kada ka dogara da shi a kan Capillaria. Kar kuma ka haɗa shi da piperazine, aikinsu kishiyar juna ne, ɗaya yana warware na ɗaya. Sannan in za ka saya ka karanta duk abin da ke cikin kwalbar, don akwai ƙwayoyin karnuka da ake haɗa pyrantel da praziquantel da febantel, shi febantel ɗin nan in ya shiga jiki fenbendazole yake komawa, wato abin da kake gudu ya shigo ta bayan gida.

To fenbendazole ɗin shi ne ya ƙona ni. Ana yabonsa kuma ba ƙarya ba ne yana aiki, har Capillaria yana kamawa in an ba da shi kwanaki a jere. Na ba tattabaruna lokacin suna tsaka da zubar da tsohon gashi suna fitar da sabo, ban san cewa lokacin ne mafi muni ba. Gashin fiffike ya fito a murɗe, wasu a tsinke, wasu sun kasa buɗewa, tsuntsayen da suke tashi sama su yi ta kewayawa suka koma zaman ƙasa har sai da wani canjin gashin ya zo. Ɗaya kuma ta daina ci, ta yi laushi, kwana kaɗan ta mutu a hannuna. Daga baya na fahimci tattabaru da kurciyoyi suna daga cikin tsuntsayen da wannan maganin ke iya danne wa ɓargo, ƙwayoyin jinin da ke yaƙar cuta su ragu, bangon hanji ya lalace. In likita ya auna ya ce akunka shi ya dace da shi, to ka bi maganarsa, amma ka gaya masa in tsuntsun na canza gashi ko yana ciyar da 'ya'ya. Da kaina dai ba zan ƙara saya wa tattabara ba.

Piperazine macijin ciki kawai yake taɓawa, shi ma ba kullum ba. Levamisole yana da ƙarfi amma ɗaci gare shi kuma tsakanin adadin da ke warkarwa da wanda ke sa amai da karkarwa tazarar kaɗan ce, ba na ƙaramin tsuntsu ba ne a hannun wanda bai ƙware ba.

Ivermectin kuma matsalarsa lissafi. Adadin da aka saba ba tsuntsu kusan miligiram 0.2 ne a kowane kilo. Ɗan ƙaramin akun nan bajiriga nauyinsa giram 30 zuwa 40 ne kacal, wato abin da yake buƙata kusan miligiram 0.007 ne kawai. Ita kuwa kwalbar ivermectin ta shanu mai kashi 1 cikin 100 tana da miligiram 10 a kowane mil, ɗigo ɗaya kusan rabin miligiram ke nan, ka ninka abin da ya kamata sau 70. Duk wanda ya ce maka "ɗigo ɗaya kawai" daga kwalbar shanu bai yi wannan lissafin ba.

In gwaji ya nuna tsila, praziquantel ne maganinta, ba wani dogon zance. Akwai kuma haɗin moxidectin da praziquantel da ake yi musamman don tsuntsaye, ga mai tsuntsaye da yawa a babban keji wanda ba zai iya kama su ɗaya bayan ɗaya ba shi ne na biyu a wurina. Abin da ya hana shi zama na farko, yawanci a ruwan sha ake zubawa, kuma ruwa ba ma'auni ba ne. Bajiriga da kokatil, wani ƙaramin aku mai tukku a ka, asalinsu tsuntsayen busassun wurare ne, suna iya ƙin ruwan in sun ji ɗanɗano ya canza, wani kuma ranar zafi ya sha ninki biyu, mara lafiyan da kake yi dominsa shi ne ma ba zai sha ba. Ka sayi ƙaramin sikeli mai auna giram tare da maganin, akun toka mai jan wutsiya yana kai giram 400 zuwa 500, kokatil kuma kusan giram 100 ne, ba za a yi musu awo ɗaya ba.

Yanzu maganar jabu, dan Allah a nan ku tsaya da kyau. Bayan abin da ya faru da tattabaruna wani mai sayarwa ya ba ni farin gari a ƙulle a leda, babu suna babu komai, ya ce yana kashe kowace irin tsutsa. Na yi amfani da shi sau biyu, na koma gwaji ƙwai na nan yadda suke, har yau ban san mene ne na ɗura wa tsuntsayena ba kuma wannan ya fi asarar kuɗin ci min rai. Tun daga nan duk maganin da aka juye daga kwalbarsa zuwa wata ba na karɓa. Dole in ga sunan sinadarin da kansa, ba sunan talla kawai da hoton aku mai kyau ba. Dole in ga ƙarfinsa, miligiram nawa a mil ɗaya, don pyrantel ma ana yinsa da ƙarfi daban-daban kuma in babu wannan lambar babu yadda za a yi awo. In duba sunan kamfani da adireshinsa, lambar rukunin da aka buga, ranar da zai lalace, kuma wanda ke jikin kwali ya zo daidai da na jikin kwalba. In ka ga an manna wata takarda a kan ranar lalacewa, ko rubutun yana gogewa da yatsa, ko murfin an taɓa buɗe shi, ko ruwan ya daskare a ƙasa ka girgiza ya ƙi haɗewa, mayar masa da kayansa. Masu tallan intanet da ke cewa maganinsu "na ganye ne zalla" yana kashe tsutsa da ƙwarƙwata da mura da zawo duk a kwalba ɗaya, ka tambaye su me ke ciki za ka ga sun fara kame-kame. Wasu ma maganin shanu ne suke tsinkawa da ruwa su sa masa sabon suna, ƙarfin kwalbar yau daban na gobe daban. Araha fiye da ƙima ita ma alama ce.

Tafarnuwa da ruwan khal da ake ta yayatawa ba sa fitar da tsutsa, tafarnuwar ma in ta yi yawa tana lalata jajayen ƙwayoyin jinin tsuntsu.

Abu ɗaya da ko pyrantel ɗina ba zai kare ka daga shi ba: in tsuntsu ya cika da macijin ciki sosai, ya rame ya galabaita, tsutsotsin suna iya mutuwa lokaci guda su dunƙule su toshe hanji. Irin wannan ba a gida ake masa magani ba, likita ne zai fara ƙarfafa shi tukuna. Kuma ranar da ka ba da magani ka kwashe kashin keji tas, ka wanke da ruwan zafi ka shanya ya bushe ƙayau, ka ɗaga kwanon abinci da na ruwa daga inda kashi ke zuba, don ƙwan Ascaridia yana yin watanni da rai a ƙasa mai danshi kuma yawancin magungunan wanke-wanke ba sa fasa ɓawonsa. Sabon tsuntsu a ware shi kamar wata guda a gwada kashinsa kafin ya shiga cikin sauran. Bayan zagaye na biyu da kamar sati biyu ka sake kai kashi a duba.