Gargaɗi ga masu Hilux ta gas: mai "saita ƙwaƙwalwa" ya ci min ₦420,000, injina kuma yana ƙasa

Jama'a assalamu alaikum. Na daɗe ina haɗiye wannan maganar saboda kunya, amma yau na ga mutumin nan mai cewa yana saita ƙwaƙwalwar mota ya saki sabon bidiyo yana tallar aikinsa da wata sabuwar lamba, shi ya sa na ce wallahi sai na yi magana ko da za a yi min dariya. Naira 420,000 ya karɓa a hannuna. Ku sake karantawa, 420,000. Motata kuma yanzu haka tana gareji, an sauke kan inji, fistin ɗaya ya tsage, nozul biyu suna zuba, shi kuwa yana can yana neman wani bawan Allah da zai yi wa irin abin da ya yi min.

Motar Hilux ce ta 2012, injin 2KD, mai 2.5 ɗin nan da aka rubuta wa D-4D, giyar hannu. Da ita nake ciyar da iyalina. Ina ɗaukar taki da maganin feshi in haura da su Mangu da Bokkos, in sauko da dankalin Turawa wajen Abuja. Duk wanda ke bin hanyar Akwanga zuwa Jos ya san Hawan Kibo, ya kuma san yadda 2KD ke nishi a wurin idan an cika mata baya. Ga litar gas ta daɗe da haura naira 1,000. To mutum ya zo ya ce maka zai ƙara wa motarka ƙarfi, ya kuma rage mata shan mai, ka ce ba za ka tsaya ka saurare shi ba?

Kuma kafin wani ya fito ya ce min kwaɗayi ne ya ja min, ku tsaya ku ji. Aikin nan ba ƙarya ba ne a duniya. Ana yin sa. Irin wannan injin ba kamar tsohon 5L ba ne. Shi ƙwaƙwalwar mota, wadda makanikai ke ce wa birenbos, ita ce ke yanke yawan gas ɗin da nozul zai fesa, da lokacin da zai fesa, da ƙarfin matsin da famfo zai tara a bututu, matsin da a ma'aunin da ake kira bar yake wuce 1,000 nesa ba kusa ba. Masu aikin gaskiya suna karanta fayil ɗin da ke ciki, su ajiye na asali, su gyara lissafin a hankali, su gwada motar a kan injin awo mai rola suna kallon zafin hayaƙi. Na san wannan tun kafin in san da mutumin. Na karanta, na kalli bidiyoyi, na tambayi mutane. Ba daga barci na tashi na miƙa wa wani mukullina ba.

Abin da ke hana ni barci shi ne maganar da ya faɗa min a tsaye a gaban motar. Na ciro waya zan tura masa kafin alƙalami, sai ya ɗora hannunsa a kan hannuna ya ce, "Haba Alhaji, kada ka ba ni ko sisi sai ka taka ta ka ji da kanka. Ka ɗauke ni kamar ƙaninka." Haka ya ce. Sai ka taka ta ka ji da kanka. Ku gaya min, wane ɗan damfara ne yake ƙin karɓar kuɗi? Da la'asar ta yi shi ya fara cewa mu je mu yi salla, sahu ɗaya muka tsaya, kafaɗata na gogar tasa. Ina ta juya wannan a raina dare da rana. Ka ɗauke ni kamar ƙaninka. Ni kuwa na ɗauke shi.

Na kuma taka ta, ta kuwa amsa. Wannan shi ne abin da nake so masu zagina su gane. Motar ta canza. Ina taɓa totur take zabura, giya ta uku ta ja kamar ba ita ba. Allon da ke nuna shan mai ma ya nuna ragi. Da idona na gani, ƙanena yana zaune a gefe shi ma ya gani, har ya ce, "Yaya, wannan ai sabuwar mota ka samu." Nan take na tura 300,000. Ban yi gardama ba, don abin da aka yi min alkawari na ji shi a ƙafata.

A'a, na tsallake wani abu. Kafin ranar sai da muka yi ta magana a WhatsApp, ya turo min bidiyon motoci iri-iri, Hilux, Land Cruiser, har da wata Navara, masu su suna sa masa albarka. Ya turo hoton wata takardar shaida da ya ce daga waje ya samo. Ya ce shagonsa ana gyara, shi ya sa yake zuwa ya sami mutum a inda yake, kuma wannan ma sauƙi ne gare ni. Ya zo da laftof da igiyoyi a jaka mai kyau, ya soka a ramin nan mai baki 16 da ke ƙarƙashin sitiyari, ya nuna min layuka masu launi suna hawa suna sauka. Duk tambayar da na yi masa ya amsa ba tare da in'ina ba. Na tambaye shi fayil ɗina na asali fa? Ya ce yana ajiye, zai turo min da dare. Duk wannan hirar tana nan a wayata, zan sa hotunanta a ƙasa, da saƙonnin muryarsa, da shaidar tura kuɗin guda biyu.

Guda biyu, don akwai 120,000 daga baya. Ita ce ta fi ci min rai. Bayan an fara aiki da motar sai na lura da baƙin hayaƙi idan na taka a hawa, baƙi ƙirin, har na bayana suna yi min hon. Na kira shi. Ya ɗauka a bugu ɗaya, da fara'arsa. Ya ce, "Ranka ya daɗe, datti ne take fitarwa, amma akwai ƙaramin akwati da ke daidaita hayaƙin, na yau da gobe nake sa wa manyan kwastomomina." Ya zo har inda nake ya ƙara wani abu a cikin bonet, ya karɓi 120,000. To ga 300,000 ga 120,000, shi ne 420,000 ɗin. Kuɗin da na ware na takin da zan saro ne. Na taɓa jarina na ba shi.

Ashe ma wannan akwati na biyu ne, akwai na farko da ya sa tun ranar farko, ban sani ba. Lokacin da muka tafi salla ashe ya bar yaronsa a wurin motar, bonet a buɗe. Daga baya ne na haɗa lissafin. Ni na zaci duk aikin a laftof aka yi shi.

A Hawan Kibo ta mutu min, da kaya a baya. Tun daga ƙasa na ji ƙarar injin ta sauya, wani ƙwanƙwasa-ƙwanƙwasa, sai ƙarfi ya zube gaba ɗaya, sai farin hayaƙi ta ko'ina har ta wajen murfin baƙin mai. Fitilar gargaɗin inji kuwa ko ƙyaftawa ba ta yi ba. Ko sau ɗaya. Na tsaya a gefen hanya a wurin da kowa ya san tireloli ke ƙwacewa, ina sa duwatsu a bayan taya, ina kiran lambarsa. Tana shiga ba a ɗauka. Da yamma ta daina shiga. Washegari hotonsa ya ɓace daga WhatsApp ɗina. Kuɗin janwe daban, kuɗin sauke kaya a mayar wata mota daban, ban ma sa su a cikin 420,000 ɗin ba.

Makanikina, wanda ya san motar nan tun ranar da na saye ta, shi da wani mai rewaya suka buɗe komai a gabana. Akwatin farko an datse shi ne a kan wayar sensar da ke auna matsin gas a bututu. Da suka fasa shi, ba komai a ciki sai ɗan rizista irin na cikin tsohuwar rediyo, an zuba masa baƙin gam ya daskare don kada a gani. Aikinsa kawai ya yi wa ƙwaƙwalwar ƙarya, ya ce mata matsin bai kai ba, ita kuma ta sa famfo ya yi ta ƙarawa. Kamar ka yi ta ce wa mai girki gishiri bai ji ba alhali ya ji, ta yi ta zubawa. Gas ya ƙaru, iskar da tabo, wato na'urar da ke cusa wa inji iska, ke turawa ba ta ƙaru daidai da shi ba, shi ne baƙin hayaƙin, shi ne zafin da ya taru a kan fistin har ya tsage a doguwar hawa. Ƙarfin da na ji ranar farko gaskiya ne, amma da ran injina ake biyansa. Ragin shan man da allo ya nuna kuwa, ƙwaƙwalwar ce ke lissafi da matsin ƙarya da aka ba ta, tana zaton kaɗan take fesawa. A gidan mai ban ga wani ragi ba, na ɗauka nauyin kaya ne, don shi ya ce min sai injin ya saba.

Akwati na biyu, na 120,000, fitila ce kawai a ciki, shuɗiya, tana ƙyaftawa. An ja mata wuta daga batir, ba ta haɗu da komai na injin ba. Fitila. Naira 120,000. Mai rewayar ya riƙe ta a tafin hannunsa yana kallona, ni kuma na rasa inda zan sa fuskata a gaban yaran gareji.

Laftof ɗin fa? Abin da suka iya ganowa shi ne an taɓa ƙwaƙwalwar, an rufe bakin lambobin da ke kunna fitilar gargaɗi, don kada ta tona asirin akwatin. Wato motar tana ta ƙoƙarin gaya min tana ciwo, shi ya toshe mata baki da gangan. Wannan ba kuskuren aiki ba ne, ba rashin ƙwarewa ba ne. Mutumin ya san abin da zai faru, ya shirya yadda ba zan gani ba sai ya yi nisa. Fayil ɗin asali da ya ce zai turo da dare, har yau. Yanzu sai an nemo mai mayar da shi daidai, ko a sayi wata ƙwaƙwalwar, a sake haɗa ta da mukulli, a sake shigar mata da lambobin nozul ɗaya bayan ɗaya, don kowane nozul na wannan injin da lambarsa. Makanikin ya ce in an haɗa fistin da ringi da gasket da nozul da aikin hannu, ko kuma in haƙura in ɗauko injin Beljiyam, ko ta ina aka bi maganar ta miliyoyi ce. A kan 420,000 da na bayar da hannuna don in rage kashe kuɗi.

Wani ɗan uwana ya ce min me ya sa ban tambayi makanikina ba tun farko. Na tambaye shi mana! Ya ce shi ba fanninsa ba ne, aikin kwamfuta ne, in dai mutumin ya san aikinsa ba laifi. Me kuma zan yi? Na ga bidiyo, na ga takarda, na yi tambayoyi, na ƙi biya sai da na gwada, na gwada kuma ta yi. Wanne ne ban yi ba? Shekara da shekaru ina harkar kasuwa, na san fuskar maƙaryaci, an sha gwada ni ba a ci nasara ba. Wannan ya zauna ne ya tsara yadda zai shigo ta inda mutum mai hankali ke bincike. Ya san za ka ce sai ka gwada, shi ya sa shi ya fara faɗa. Kada ka ba ni ko sisi. Hannunsa a kan hannuna. Wallahi in na tuna sai in ji ƙirjina ya yi zafi.

Sunan da ke kan asusun da na tura wa kuɗin ma ba shi ne sunan da ya gaya min ba. Na lura a lokacin, na kuma tambaya, ya ce na yayansa ne, nasa yana da matsala. Tun da na fara ba da labarin a tasha, mutum biyu sun same ni a gefe sun ce su ma haka ya yi musu, ɗaya tabo ya ci masa, ɗaya kuma ya yi sa'a ya cire akwatin da wuri. Kowa ya yi shiru saboda kunya, shi kuma da shirun namu yake cin abinci.

Ku dai kada ku bar kowa ya taɓa ƙwaƙwalwar motarku a bakin titi. Ba shago, ba injin awo, bai ba ka fayil ɗinka na asali a hannu kafin ya fara ba, ka tada motarka ka tafi. Kada ka matsa daga wurin bonet a buɗe. Ka ga baƙin hayaƙi, ka tsaya.

Na kai ƙara, na ba da lambobinsa biyu da lambar asusun, na kuma ajiye akwatunan nan guda biyu a leda a matsayin shaida. Hotunan hirar da na cikin akwatin suna zuwa, ina rufe lambobin mutanen da ba ruwansu ne kawai. Duk wanda ya taɓa yi wa haka, ko a Jos ko a Lafiya ko a Abuja, ya yi min magana ta akwatin saƙo mu haɗa shaidunmu wuri ɗaya. Kai kuma na san kana karantawa, don har yanzu kana leƙa shafina da wani sunan. Naira 420,000 ɗina, da injina, da takin da ban saro ba, da kwastomomin da suka koma wajen wasu saboda ba ni da mota. Ban yafe ba, kuma ba zan daina bin maganar nan ba sai an zaunar da kai a gabana.